Kunnen Hagun Yaya

A gidanmu na Tambuwal, Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba. Yaya ne ɗan fari, kuma a wajenmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zama hira da shi, in kuwa ya yi faɗa da ɗan wani, shi ake ba rashin gaskiya tun kafin a ji ba'asi. In Baba yana son wani abu daga gare shi, sai ya dube ni ya ce, "Ki ce ma wancan shi duba awakin nan." Alhali wancan ɗin yana tsugune a gabansa, kansa a ƙasa, ya ji komai. Ni kuma sai in juya in maimaita, shi kuma ya ce to. Da wannan dakon maganar na tashi, da shi na yi aure, har aka tura ni koyarwa a wata firamare a Kebbe ban ajiye shi ba. In na zo gida ƙarshen mako, saƙon Baba na tarar yana jirana, duk da cewa shi da Yaya katanga ɗaya ce ta raba su.

Inna ma haka take, sai dai ita tana da hanyar satar so. Tsokar da ta fi girma a kwanon Yaya take faɗawa kullum, in na yi magana ta ce ludayi ne ya kwaso.

Ni ban gaji wannan haƙurin nasu ba. Tun ina ƙarama ake cewa bakina ya fi ƙafata sauri, kuma ban musa ba. Yaya kuwa kafin ya gama jimla ɗaya na ci tuwo na wanke hannu. Sana'arsa gyaran injin ban ruwa, irin ƙananan nan da masu albasa da barkono ke jan ruwa da su a fadama da rani. Da kunne yake aikin. Ya tayar da inji, ya karkata kai, ya yi shiru yana saurare, sannan ya ɗauki sifana. Kuma duk rurin da inji ke yi a ƙofar gida, in Baba ya fito zaure ya yi gyaran murya sau ɗaya, Yaya zai kashe shi ya miƙe tsaye. Wannan gyaran muryar ita ce duk hirar da ke tsakaninsu, kuma ban taɓa ganin ta wuce shi ba.

Wata ranar rani ina tsakiyar darasi aka ce ana sallama da ni a bakin makaranta. Wani manomi ne da Yaya ke yi wa gyara, hularsa a hannu. Ya ce Yaya ya ɗauko masa injinsa daga Tambuwal, ɗaure a bayan babur, sai 'yan sanda suka tare shi a wani shinge a hanya. Suka ce ya kawo rasit ɗin inji. Ya ce ba nasa ba ne, gyara ya yi. Suka ce to na sata ne. Yaya ya fara bayani da wannan sanyin nasa, wani daga cikinsu ya ga kamar raini ne, ya buɗe tafin hannu ya zabga masa mari a kunnen hagu, ya ƙara, har ya faɗi kan babur. Sai da aka kira shi manomin ya je ya shaida injinsa sannan suka sake shi.

Na tarar da Yaya a gindin wani dogon yaro kusa da tasha, ya toshe kunne da gefen rawanin da wani ya ara masa. Da ya cire na ga jini ya bushe a wuyan rigarsa. Na ce ya tashi mu je ofishinsu. Ya ce, "Bari dai. Ya wuce." Na ce in ya wuce gare shi, ni bai wuce gare ni ba.

Washegari na tafi ni kaɗai. Ba zan faɗi ko wane ofishi ba ne, don har yau ta gabansa nake wucewa. Na tsaya gaban kanta na ce na zo kawo ƙarar ɗan sanda. Wanda ke wajen ya dube ni sama da ƙasa kamar na ce na zo sayen goro, ya nuna mini wani ɗaki a baya, ya ce akwai mai karɓar irin wannan koke. Na shiga. Mutum biyu ne zaune a kan benci, kwanon shinkafa da wake ɗaya a tsakaninsu, kowa da cokalinsa. Na faɗi abin da ya kawo ni, na kwatanta wanda ya yi marin yadda manomin ya kwatanta mini, dogo mai tabo a gira. Ina cikin magana na lura da girar na biyun. Mai karɓar koken bai ma ajiye cokali ba. Ya ce, "Malama, za mu bincika." Mai tabon ya tura masa ragowar waken da ke gefensa.

Na fito na nufi tasha. A motar komawa Kebbe na dinga juya abin a raina, ina magana ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta matsa. To wa zan kai wa? Wanda ya yi marin ɗan sanda, wanda zai bincike shi ɗan sanda, wanda zai duba binciken ɗan sanda, kuma dukansu da rana kwano ɗaya suke sa hannu. Ko a makarantarmu ba a ba malami takardun jarrabawar ɗansa ya yi maki.

Ashe zuwana ya yi aiki, sai dai ba irin wanda nake so ba. Kafin ƙarshen makon, shugaban ofishin ya ɗauko dattawa daga unguwarmu, da limamin masallacinmu, da wani tsohon abokin Baba, suka zo gida ban haƙuri. Ba wurin Yaya suka je ba, shi da ke da mata da 'ya'ya da furfura a gemu. Ba kuma wurina ba, ni da na kai ƙara. Zauren Baba suka nufa, domin a cikin dattawan nan babu wanda bai san Yaya ɗan fari ne ba. Sun san inda za su taɓa.

Ina bayan ƙofar zaure ina ji. Shugaban ya yi magana mai daɗi, ya ce yaronsu ya yi kuskure, zafin rana ne da yawan ɓarayin inji, sun ja masa kunne. Liman ya kawo falalar yafiya. Sai ya rage Baba. Ni na san abin da zai faɗa tun kafin ya buɗe baki, don uban da ya tsaya wa ɗan farinsa a gaban mutane, gobe shi ne abin labari a majalisa.

"Mari na kawai?" in ji Baba. "Don mari kunka taso manya haka? Ai wanga ba komi ba na. Wa ya sani ko shi yaj jawo. Na yafe, duniya da lahira."

Aka shafa fatiha. Na ciji gefen mayafina don kada in yi ihu. Da suka fita na shiga na ce, "Baba, ko tambayarshi ba ka yi ba." Ya ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri."

Kunnen bai warke ba. Da farko ruwa yake fitarwa, daga baya ya daina, Yaya ya ce ya samu sauƙi. Amma na lura in ina yi masa magana sai ya juyo da dukan jikinsa, ya ba ni gefen dama. Na lura kuma ya fara mayar da aiki, ana kawo inji ya gyara, a dawo da shi bayan kwana kaɗan. Na matsa masa har ya yarda muka je Sakkwato wurin likitan kunne. Likitan ya leƙa, ya sa masa wasu abubuwa a kai yana tambayarsa ko ya ji, sannan ya ce dodon kunnen ya fashe, ciwo ya shiga ciki ya yi ɓarna, kuma kada mu sa rai jin wannan gefen zai dawo. Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi." Ni na fita waje na yi kuka na ƙoshi.

A mota, kafin mu kai Tambuwal, ya juyo mini da kunnen daman ya ce, "Na haɗa ki da Allah, kada Baba shi ji. Kada Inna ta ji."

Na ce, "Don mi?"

"Ya riga ya yafe gaban mutane. In yaj ji yanzu, mi kika so shi yi? Shi janye, a ce ya tsaya ma ɗan fari? Ko shi yi shiru abin shi ci shi? Ki bar shi da abin da ya sani."

Na rantse masa. Har yau ina jin haushin kaina da saurin da na yi, amma wanda ya haɗa ka da Allah yana kallonka da kunne ɗaya, ba ka iya ce masa a'a.

Ɓoye abin bai yi masa wuya ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Mutumin da ubansa ba ya yi masa magana, ta ina uban zai gane ya kurumce? In Yaya ya zo gaisuwa da safe, sai ya tsuguna ya ba Baba gefen dama. In Baba ya ba da saƙo, ni ko matar Yaya muke kaiwa. Al'adar da ta sa aka yafe marin ita ce kuma ta rufe kurumtar ruf. Na shiga wani hali a lokacin. In ina Kebbe hankalina yana Tambuwal, in na zo Tambuwal ba na iya zama wuri ɗaya. Na yi wa ɗalibai tsawa a kan abin da bai kai ba. Maigidana ya ce in na ci gaba da haka gishirin miya ma zai gudu daga gidan. Duk sanda motarmu ta zo shingen nan sai in leƙa ta taga ina neman mai tabo a gira, kuma sau da yawa ina ganinsa, yana ɗaga wa direbobi hannu, lafiyarsa lau.

Bayan damina ta wuce, na ji sanarwa a rediyo cewa wani kwamiti zai zauna a Tambuwal na 'yan kwanaki don sauraron koken jama'a a kan 'yan sanda. Abin da ya sa na ajiye tsintsiyar da ke hannuna shi ne da mai sanarwar ya ce babu ɗan sanda ko ɗaya a cikinsu. Tsohon alƙali ne, da wata lauya, da likita, da wani malami. Ban yarda da su nan take ba. Na sha ganin baƙi daga birni su zo da motoci, su sha lemo, su tafi. Amma ko ba komai, waɗannan ba kwano ɗaya suke ci da mai tabo ba.

Ranar farko na nemi izini a makaranta na zo. A zauren taron wata makaranta suka zauna. Mutane sun cika gindin itatuwan da ke waje, amma ba mai shiga, kowa yana kallon wanda zai fara. Dalili kuwa a fili yake, 'yan sanda biyu ne tsaye a bakin ƙofa da bindigogi, wai suna gadin baƙi. Can sai lauyar ta fito, wata 'yar siririya mai tabarau, ta dubi jama'a, ta dubi masu gadin, ta ce musu sun gode, su koma can bakin titi. Suka yi kamar ba su ji ba. Ta tsaya a wurin, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma koma ciki ba, har sai da suka tafi. A nan ne na fara yarda da su. Wata tsohuwa ta fara shiga, ni na bi bayanta.

Na zayyana musu komai, har da kwanon shinkafa da wake. Tsohon alƙalin bai katse ni ba, abin da ba kasafai nake samu ba. Da na gama ya ce, "Malama, mun ji. Shi mai kunnen yana ina?" Na ce yana gida. Ya ce ba za su iya kiran ɗan sanda su tuhume shi da bakin 'yar'uwa ba, sai shi wanda aka yi wa ya zo ya faɗa, likitansu ya duba shi. Na ce mahaifinmu ya riga ya yafe. Lauyar ta ce, "Yafiya tsakaninsu da Allah ce, ba mu hana ba. Mu abin da muke tambaya, mutumin yana nan kan hanya har yanzu?" Na ce yana nan. Ta ce, "To akwai sauran kunnuwa a hanyar."

Daga can gidan Yaya na wuce. Ya saurare ni da gefen dama har na gama, sannan ya ce, "Baba ya yafe." Na ce ba kunnen Baba ba ne. Ya ce, "Ni da kunnen duk nashi na. In na shiga wurin nan, na ƙaryata shi gaban liman da dattawa. Ba ni yi." Na yi masa faɗa, na yi masa magiya, na ce masa ragon namiji, abin da ban taɓa faɗa masa ba tun da aka haife ni. Bai yi fushi ba. Ya ce in gaida yara.

Na koma Kebbe, na kasa zama, na sake dawowa washegari da yamma. Kuɗin mota ma maigidana ya daina tambayar inda suke tafiya. Na samu Baba a zaure yana gyara igiyar guga. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, maganar Yaya ta."

"Wace magana kuma? An gama wagga."

"Kwamitin nan da anka kawo, gobe suka tashi."

"Su tashi lafiya."

Na tuna rantsuwar da na yi wa Yaya. Na yi alkawarin ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ban yi alkawarin hana Baba gani da idonsa ba. Na ce, "Abu guda nika roƙo. Gobe in yana aiki, ka tsaya ta hagunshi ka yi mishi magana."

Baba ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi. "Ni in yi mishi magana? Ke kina da hankali kuwa? Boko ya gama da ke."

"Ko ba magana ba. Ka tsaya ta hagunshi dai."

"Mi ag ga hagun nashi?"

Na yi shiru. Shi ne karo na farko a rayuwata da aka yi mini tambaya na rufe baki, kuma ina jin wannan shirun ne ya tsorata shi fiye da duk surutun da na taɓa yi. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya koma kan igiyarsa ya ce in tashi in ba shi wuri.

Da safe na haɗa jakata. Na riga na fid da rai, na ce gara in koma in koyar da 'ya'yan mutane. Yaya yana ƙofar gida ya tayar da wani inji, ya rage masa wuta yana ɗan kaɗawa a hankali, ya tsuguna ya kara kunnen dama a jikinsa yana saurare. Kunnen hagun yana fuskantar zaure. Ina sallama da Inna a bakin ƙofar cikin gida sai ga Baba ya fito. Maimakon ya bi ta inda ya saba zuwa majalisa, sai ya tako ya tsaya ta hagun Yaya, kusa ƙwarai.

Ya yi gyaran murya. Yaya bai motsa ba.

Ya sake yi, da ƙarfi. Yaya ya miƙa hannu ya ɗan juya wata ƙaramar ƙusa, ya ci gaba da saurare. Inna ta kama hannuna. Na ga Baba ya dubi titi hagu da dama, ba kowa sai wata akuya. Ya ɗan sunkuya. Sai ya kira sunan Yaya.

Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, kuma ya fito masa wani iri, a hankali, da ɗan rawa, kamar mai taka ƙafar da ta daɗe a ɗaure. Inna ta saki hannuna ta rufe bakinta da mayafi. Baba ya jira. Ya sake kira, wannan karon sunan ya fito sosai, har ni da ke nesa na ji kowane harafi. Yaya yana tsugune, bayansa a lanƙwashe, yana jin injinsa.

Ban san iya lokacin da Baba ya yi a tsaye a wurin ba. Daga baya ya zagaya ta gaba, inuwarsa ta faɗa kan injin. Yaya ya zabura, ya kashe, ya miƙe, kansa a ƙasa. Baba bai dube shi ba. Ni ya duba, idanunsa sun yi ja, ya ce, "Ki ce ma wancan shi sa riga. Za mu fita."

Mu uku muka tafi a ƙasa, Baba a gaba, Yaya a baya, ni a tsakiya kamar kullum. Muka ratsa ta gaban majalisar dattawa, har da biyu daga cikin waɗanda suka zo ban haƙuri. Suka ce, "Malam, ina zuwa da sassafe?" Baba ya ce, "Wurin baƙin nan." Bai rage tafiya ba. Na ji shirun da ya biyo bayanmu, kuma na san kafin azahar labarin ya gama unguwa, cewa wane ya rako ɗan farinsa ƙara da ƙafarsa.

A gaban kwamitin Baba ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa. Alƙalin ya tambaye shi ko shi ne mahaifin da ya yafe. Ya ce, "Ni na. Kuma ban janye ba. Mari anka ce min, mari na yafe. Wanga da nig gani yau ba a kawo min shi ba, balle in yafe shi. Ga mai abin nan, ku tambaye shi." Ko a nan bai ce ɗana ba.

Yaya ya dube ni, ya dubi bayan Baba, sannan ya fara magana. Ya yi ta da sanyin nan nasa da ya jawo masa marin, ba wanda ya katse shi. Likitan ya shiga da shi wani ɗaki ya duba. Aka aika a kira manomin daga Kebbe, aka ce kuma za a kira mai tabo da wanda ya karɓi kokena, kowa shi kaɗai. Lauyar ta gaya mana gaskiya, cewa su ba kotu ba ne, ba su ɗaure kowa, abin da suka gano za su miƙa sama su kuma bi sawunsa. Na ce mata in ba su bi ba, ni zan bi nasu. Ta yi dariya ta ce ta ga alama.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. An daina ganin mai tabo a shingen. Wasu sun ce an dakatar da shi, wasu sun ce wani gari aka mayar da shi, can ma akwai hanya da masu babur. Na yi ta tambaya har yau ban samu amsar da ta kwantar mini da hankali ba, kuma ban daina leƙawa ta taga ba. Baba kuwa ya ɗan jima bai zauna majalisa ba, don an yi ta yi masa shaguɓe. Kunnen Yaya bai dawo ba.

A ranar, da muka fito, Baba ya wuce masallaci bai ce wa kowa komai ba. Da muka koma gida, Yaya ya ce zai kai ni tasha a babur. Mun yi nisa kaɗan sai ya karkato kai ya ce, "Kin karya rantsuwa."

Na matso ta damansa na ce, "Wallahi ban faɗa ba."

"To ƙaƙa anka yi yas sani?"

"Ya tsaya ta hagunka ya yi gyaran murya, ba ka ji ba."

Ya ci gaba da tuƙi. Da na bar shi a nan da ya wadatar, amma bakina bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Na ce, "Sannan ya kira ka."

"Ya kira ni da mi?"

"Da sunanka. Har sau biyu."

Yaya ya taka birki a tsakiyar hanya, har wani mai kura ya zage mu. Ya gangara gefe ya kashe babur. Bai juyo ba, yana riƙe da kan babur da hannu biyu, ina kallon bayan wuyansa. Mutumin da aka ce masa kunnensa ya mutu ya ce alhamdu lillahi, yau ga kafaɗunsa suna rawa. Can ya sauka, ya tsaya a gabana, ya juyo mini da kunnen dama.

"Ƙaƙa yaf faɗe shi? Yi min yadda yay yi."

Ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, ƙanwa ba ta yi. Na dubi titi hagu da dama kamar yadda Baba ya yi, na rage murya, na faɗa. Ya rufe ido yana saurare, irin sauraron da yake yi wa inji. Ya ce in sake. Na sake.

Ya buɗe ido ya ce, "Muryarki ta, ba ta Baba ba." Ya hau babur ya tayar, muka tafi tasha.